Madubin da Ke Jikin Bango

Ranar da Tukur ya shigo Wurma da sabon babur, ko ledar kujera bai ɓare ba ya nemi sifana ya kwance madubai biyun. Haka samarin garin ke yi. A wurinsu babur mai madubi na dattawa ne da malaman firamare.

"Ungo, ki riƙa sa kwalli," ya ce wa matarsa Sakinatu.

Ita kuwa ta ji daɗi, har ta kafa ƙusa ta rataye ɗaya a bangon ɗaki. Wa ke ƙin kyautar miji?

Ranar Talata ya ɗauke ta zuwa Kurfi, za a yi wa 'yarsu Basma allurar rigakafi. Watanta huɗu, kuma sai da suka shekara shida da aure kafin Allah ya ba su ita. Sakinatu ta goya ta, ta ɗaure da majanyi, ta rufa hijabi a kai.

Sun hau kwalta ke nan sai ga rami a gabansu. Tukur ya karkata hagu don ya kauce, bai waiwaya ba, kuma ba abin da zai nuna masa bayansa. Ashe tirela ce cike da buhunan wake ta taso daga Dutsin-Ma, ta riga ta fara wuce su. Sakinatu ta ji hon kamar a cikin ƙirjinta, sai ta tsinci kanta a ƙasa, bakinta cike da yashi.

Ta kai hannu bayanta. Ba kowa. Majanyin ya kwance.

Can tsakiyar titi ta hango hular Basma, 'yar ja mai tuntu, taya ta bi ta kanta ta shafe ta da kwalta. Direban tirelar ya diro yana ta salati, hannuwansa biyu a ka. Tukur na rarrafe yana cewa, "Wallahi ban ga motar ba! Ban gan ta ba!"

Sai ga wani tsoho ya fito daga gonar gefen hanya, rungume da abu a cikin rigarsa.

"Ɗiyar wa ce wannan? Bisa tarin harawata ta faɗo."

Basma ta buɗe baki ta tsala kuka. Sakinatu ba ta taɓa jin abu mai daɗin wannan kukan ba. Ta karɓe ta tana laluba ta ko'ina.

Da yamma suka dawo daga asibiti. Tana shiga ɗaki ta ga fuskarta a bango, duk ta kumbura. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ciro madubin ta damƙa wa Tukur a hannu, haɗe da hular da ta tsinto a titi.

"Baban Basma," ta ce, "a cikin wannan ya kamata ka hango motar nan. Ni kuma ina nan ina sa kwalli da shi."