An Cire Wasan Lukman

Bara'atu ta shigo shagon mijinta da hantsi, ko sallama babu, riƙe da waya da hannu biyu.

"Malam, duba mini. Yaron nan bai hito ba yau."

Almustapha ya ajiye tsumman da yake goge faya-fayan gem, wato wasannin kwamfuta, da shi. Ya daɗe yana sayar da su a bakin kasuwar Yelwa, tun lokacin da samari ke yin layi idan sabon kaya ya iso daga Kano. Da aka kawo tsarin biyan wata-wata, wanda biya ɗaya ke buɗe wa mutum wasanni barkatai a waya, sai ƙafa ta ɗauke. Hotunan kwalayen suka koɗe a kan kanta. Don kada ya rufe shago, ya koma sabunta wa samari rajista. Ɗansa Lukman ya fara yi wa.

Ya karɓi wayar. Wani rubutun Turanci ne kawai a fuskarta.

*

Lukman jirgin ruwan kawunsa yake tuƙawa, mai inji, yana kai 'yan kasuwa garuruwan bakin tafki. Wasan faifai yana da ƙarshe, a gama a tashi. Wannan na waya da Lukman ya shiga kuwa, kullum da aikin da yake ba ka, in ka tsallake rana ka koma baya. Da hannu ɗaya yaron yake cin tuwo. Ya daina zama hira.

Ranar wata kasuwa a ƙasar Ngaski, waɗanda suka tsira sun ce idonsa na kan waya lokacin da jirgin ya daki kututturen da ke ƙarƙashin ruwa. Mata masu kifi da dama sun tafi tare da shi. Da masunta suka tsamo shi, wayar na rataye a wuyansa cikin leda, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

Bayan sadakar arba'in Bara'atu ta kunna ta. A cikin wasan ta tarar da ɗan mutumin da Lukman ya ƙera wa kansa: dogo, baƙi, da tabo a gira irin nasa. Yana tsaye yana numfashi, can ya juya kai kamar an kira shi. Ba ta iya wasan ba, ba ta kuma nemi koya ba. Kullum ta idar da sallah sai ta buɗe, ta yi ta kallonsa. Almustapha ya riƙa sabunta mata rajistar duk wata, amma sau ɗaya ya leƙa. Ganin ƙirjin nan na hawa da sauka ya hana shi cin abinci ranar.

*

Ya kira Elijah, mai gyaran waya na shagon kusa. Elijah ya karanta, ya sosa ƙeya.

"Baba, kamfanin sun cire wasan daga cikin tsarin."

"To mu saye shi gaba ɗaya."

"Ba su sayarwa. Dama haya ce."

Bara'atu ta ɗaga kai ta dubi kantocin, tun daga ƙasa har rufi.

"Duk wanga kaya, Malam, babu nashi ciki?"

Ya san babu. Duk da haka ya hau benci ya shiga sauko da kwalayen ɗaya bayan ɗaya, yana karanta sunayensu, ita kuma tana karɓa tana jerawa a cinyarta.

"Salamu alaikum. Baba, a sabunta mini, tawa ta ƙare."

Almustapha ya waiwaya. Ɗan marigayiya Asibi ne, ɗaya daga matan da suka nutse. Wandonsa a jiƙe har gwiwa, galan ɗin man jirgi a hannunsa, fasinjoji na jiransa a bakin ruwa.

Almustapha ya daɗe yana kallonsa daga kan bencin. Sannan ya sauko a hankali, ya miƙa hannu don karɓar wayarsa.