Katin da Inna Ta Kife

Ni aikina rubuta ƙa'ida ne. In shiga ma'aikata, in tambayi mutane yadda suke aiki, in mayar da shi layi-layi: idan kaza ya faru a yi kaza, idan bai faru ba a yi kaza. Daga nan Dogo, mai rubuta mana manhaja, ya ɗauka ya ɗura wa kwamfuta. Abin da na rubuta shi za ta yi, ba ragi ba ƙari, don ita ba ta san kara ba.

Wannan karon sashen ido na babban asibiti aka tura ni, wajen masu jiran a cire musu yanar ido. Layi ne mai tsawo, sai mutum ya yi shekara da rabi bai iso ba. Na san wurin, don a nan aka yi wa Babana aiki shekara uku da suka wuce. Ƙa'ida ta goma sha ɗaya shugaban sashen ne ya ba ni da bakinsa: wanda bai zo awo ba sau uku a jere, a cire shi ya koma ƙarshen layi. Likitoci suka ce haka ne. Inna mai kati, wadda ta shekara ashirin da shida tana riƙe da layin, ita ma ta ce haka ne.

Ranar Alhamis komai ya kammala. Juma'a za a sa hannu, a ranar Inna za ta yi ritaya, Litinin a kunna na'ura.

"Kin gama, me kuma kike nema?" in ji Dogo. "Ke dai kina son wahala."

Ban kula shi ba. Ina da wata ɗabi'a da ake yi min dariya a kanta: ba na miƙa takarda sai na wuni gefen mai aikin, bakina a rufe, ina kallon hannunsa.

Ɗakin Inna ɗan tsukuku ne, akwatunan katako har rufi, ga fanka mai ƙara. Ba ta so na, 'yar kwamfuta take ce min. Ta dangwali soso da yatsa ta fara bin katunan. Kati mai jan layi uku, wato fashin awo sau uku, ta zare ta jefa kwando. Wani ma haka. Na uku kuwa, shi ma jan layi uku ne reras, amma sai ta juya shi kai ƙasa ta mayar wurinsa.

"Inna, wannan fa?"

"Wanne?"

Wallahi ba ta ma san ta yi ba. Sai da na nuna mata.

"Au, wannan? Ai yana sama. Ciwon sukari ya kwantar da shi. Mutum yana kan gadonmu ana ƙara masa ruwa, in ce ya ƙi zuwa?"

Na ce, "Wa yake gaya miki an kwantar da su?"

"Ƙafata. Kullum da safe nake hawa bene in duba littafin kwanciya."

"Haba Inna! Sau uku ina zama da ke, me ya hana ki faɗa min?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ƙa'ida kika tambaye ni, 'yar nan, na ba ki ƙa'ida. Wannan ai hankali ne kawai."

Na bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Kati goma sha tara a kife. Da safiyar Litinin na'ura za ta watsar da su gaba ɗaya, da rubutuna, suna kwance ba su sani ba.

Shugaban sashen ma bai taɓa jin labarin ba, sai salati yake yi. Na zauna a teburinsa na gyara: idan bai zo sau uku ba, a fara duba ko yana kwance a asibitin, idan yana kwance, a bar shi a gurbinsa har a sallame shi. Dogo ya yi mita kamar zai fashe, wai sai ya haɗa da rajistar ɗakunan sama, wai na lalata masa mako. Aka ɗaga kunna na'urar da kwana bakwai. Amma washegari Juma'a da yamma ya kira ni, muka gwada da sunayen nan goma sha tara. Duk suka tsaya a inda suke. Na sauke wata ajiyar zuciya har sai da Dogo ya waigo. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Ina komawa yi wa Inna sallama wani abu ya faɗo min. Lokacin da Baba yake layin nan ya faɗi ya karye a ƙugu, ya yi sati bakwai a sama. Mun fid da rai, mun ce layi ya wuce shi, sai ga takardar kira ta zo. Muka ce sa'a ce.

Na same ta tana ɗaure kofinta da darduma a leda. Na kwatanta mata shi.

"Tela?" ta ce. "Mai faɗa da masu jinya a kan a buɗe taga? Ai wannan sau biyar bai zo ba. Babanki ne? To ki gaishe shi."

Na riƙe hannunta gam. Ta ce in sake ta, mota za ta wuce ta.

Da na isa gida Baba yana zaure gaban kekensa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo ya lashi bakin zare, ya ɗaga allura wajen haske, ya zura shi tashi ɗaya.