Karen Hirta da Kyanwar Mansur

Sau uku Na'ima tana ɗaukar biro tana ajiyewa kafin ta rubuta wannan, don karatunta bai wuce aji huɗu ba, kuma ba mai son a ji muryarta ba ce.

Ranar Arfa ce, tana aikin shara da raba ruwa a tantin mata, amma hankalinta yana gida. Za a rushe unguwarsu ta bayan titin Mansur a Makka. Sun samu ɗaki biyu a wani bene, mai benen kuwa ya ce ban da dabba. Yayanta Mudassir ya yanke cewa gobe bayan Idi zai sa kyanwarsu Mishmish a buhu, ya kai ta bayan gari ya yar. Mishmish ba ta amsa kiran kowa sai na Na'ima.

"Ke za ki kira min ita, khalas, magana ta ƙare," in ji shi. Ta ce to, yadda take ce wa komai to.

A kusurwar tantin akwai wata tsohuwar Baturiya 'yar Sikotlan, Hajiya Maryama, wadda ta yi aikin jinya a Jidda har Larabci ya zauna a bakinta. Da Na'ima ta miƙa mata ruwa, ta riƙe mata hannu.

"Ya binti, kowa kukan zunubi yake yi yau. Ke naki na mene ne?"

Na'ima ta sunkuyar da kai, ta ce tashi za su yi daga gidan da aka haife ta. Ba ta ambaci kyanwa ba.

"Uwata ma an tashe su," in ji tsohuwar. Ta ce a shekarar 1930 ne, a wani tsibiri na ƙasarsu da ake kira Hirta, inda ko bishiya ɗaya babu. Mutum talatin da shida suka rage, cuta da yunwa sun ci ƙarfinsu, su da kansu suka roƙi a kwashe su. Kowane gida aka bar littafin addini a buɗe da ɗan tulin hatsi, aka ja ƙofa. Tumaki aka loda su a jirgi.

"Karnukan fa ba a tafi da su ba. Dutse aka ɗaura musu a wuya, aka jefa su a ruwa."

Gorar ruwa ta suɓuce daga hannun Na'ima.

"Karen gidan su uwata ya gane, ya haye dutse, maza suka kasa kama shi. Uwata tana 'yar shekara tara. Sai aka ce ta kira shi, tunda muryarta kaɗai yake bi." Hajiya Maryama ta gyara mayafinta. "Ya sauko da gudu yana kaɗa jela."

"Ta san abin da za a yi masa, Hajiya?"

"Ta sani. An ce ta kira, ta kira. Ta kai casa'in, ta manta sunana, ta manta mijinta. Sunan karen nan ne bai fita bakinta ba. Yau ma ita nake yi wa addu'a."

Mata suna ta talbiyya, Na'ima na tsaye da tsintsiya. Da dare motar ma'aikata ta mayar da su Makka.

Washegari, kafin Mudassir ya dawo daga Idi, ta kira Mishmish ta sa ta a kwali ta gangara Mansur. Ta tsaya gaban Kabo mai tsire, mutumin da ko gaisuwa ba ta taɓa ɗaga ido ta yi masa ba.

"Baba, ɓeraye suna damunka a shago?"

"Kamar su suka gina shi," in ji Kabo, yana leƙa kwalin.

"To ga ta. Zan riƙa zuwa kullum ina kiranta a gabanka, har ta saba da muryarka."

Ta koma gida ta ɗauki buhun Mudassir, ta cika shi da tukwanen da za su tafi da su.