Tsaga a Wuyan Jita

Tun da aka sallamo mu daga asibitin ido ba tare da an dace ba, Baban yara ya koma mutumin kujera. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kaɗa jitar bes, mai kaurin sauti, a wuraren biki, wanda ko ruwa yake sha sai yatsunsa sun yi kiɗa a jikin kofi, ya zama sai dai in ajiye abinci in dawo in ɗauke kwano. Jitar kuwa tana jingine a bango kusa da taga, rana tana gasa ta kullum. Ban taɓa ta ba, don ya hana kowa tun muna amarci.

Wata safiya ina shanya na ji ya kira ni. Na tarar da jitar a cinyarsa, babban yatsansa yana bin bayan wuyanta, can sama kusa da kai.

"Maman yara, duba min nan. Abin da nake ji ne?"

Tsaga ce siririya kamar gashi, ta bi tsawon katakon. Wata da watanni ina roƙon Allah ya sa ya miƙa hannu ga jitar nan, ranar da ya miƙa kuma ga abin da ya tarar.

"Shi ke nan," ya ce. "Mayar da ita."

Wallahi ban mayar ba. Na san in ta koma bango, shi ma ya koma kujera har abada. Na saka masa takalmi, na saɓa jitar, muka fita yana ta mita.

Shagon mai gyara ɗan ƙarami ne, warin gam da garin katako ko'ina. Ya kwantar da ita kan tebur, ya fara sassauta wayoyin.

"Baba, a ɗaure kuka bar su? Wayoyin bes ja gare su ba kaɗan ba. Nan wurin kuma katakon ba kauri, akwai ramin da aka zura ƙarfe a ciki. Rana ta busar da shi, waya na ja, dole ya buɗe. Mafi sauƙi a sa sabon wuya."

Baban yara ya gyaɗa kai, irin na wanda ya gaji da gardama. Ni kuwa na ce atafau. Wuyan nan duk fentinsa ya goge a wuraren da yatsansa ke zama, har ya yi 'yan ramuka. Mutumin da ba ya gani, a ba shi sabon katako sumul, da me zai gane hanya?

"To, Mama, sai dai ki yi haƙuri da abin da za ki ji," in ji mai gyara. "Sai na ƙara buɗe tsagar kafin gam ya shiga."

Baban yara ne ya riƙe gangar jikin jitar. Mai gyara ya danna kan a hankali, katakon ya yi ƙara, ni na runtse ido. Ya ɗura gam da sirinji har ya tsattsafo ta gefe, ya goge da ɗanyen tsumma, ya naɗe wurin da fata ya matse da ƙarafa. Ya ce mu ba shi kwanaki, kuma ba a sanin gaskiyar gam sai an ɗaure waya.

Ranar da muka koma, mai gyara ya kai hannu zai ɗaure, Baban yara ya ce, "Bari, ɗana, ni zan yi." Yana murɗawa kaɗan-kaɗan, kunnensa manne da katakon, mu kuma ko tari ba mai yi. Waya ta ƙarshe ta hau. Ba abin da ya buɗe.

Sai ya fara kiɗa. Tebur ya ɗauki rawa, 'yan kusoshi suna motsi cikin gwangwani. Ni duk hankalina na kan yatsunsa, ina jiran su ɓata. Ba su ɓata ba. Da na ɗaga kai sai na ga fuskarsa ba ta ko karkata wajen jitar ba, ni take fuskanta.

"Ashe ba ka bukatar kallon hannunka," na ce.

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

"Ke dai ba ki lura ba ne. Yaushe na taɓa kallonsa in kina wurin?"