Ban da Kiɗa

Washegarin rasuwar Inna, da ƙarfe goma na safe, muna zaune a tsakar gida da mata masu gaisuwa, sai muryarta ta tashi a tsakiyarmu.

"Salamu alaikum jama'a, ku taho ga yajin Tani ta Ƙofar Sauri."

Daga wayar wata budurwa ce da ta zo gaisuwar mutuwa amma ta kasa haƙuri da latse-latse a ƙarƙashin hijabi. Muryar ba ita kaɗai ta fito ba. Akwai kiɗa a ƙarƙashinta, irin mai sa kafaɗa motsi. Wata tsohuwa ta saki carbinta tana salati. Ni kuwa na sunkuyar da kai, domin ni na saita wa bidiyon wannan rana da wannan lokaci, tun Inna tana da ƙarfin ɗaga taɓarya.

Wata biyu kafin nan na shiga koyon tallata kaya a soshiyal midiya. Malamata Madam Comfort ce, tana Kaduna, ban taɓa ganinta ido da ido ba sai ta waya. Ta ce duk wadda ta raya shafin wata ƙaramar sana'a na kwana talatin, za ta ɗauke ta aiki daga gida. Ni da na gama karatu shekara uku ina zaman jiran tsammani, ai ban tsaya neman sana'a a nesa ba. Ga mahaifiyata nan tana dakan yaji tun kafin a haife ni.

Da ƙyar Inna ta yarda. Ta ce hannunta da turminta kawai za a nuna, sai murya. Sharaɗinta ɗaya ne.

"Ke Sabuwa, ban da kiɗa hwa. Ban yi rawa da ƙuruciya ba, ba ni yin ta da hurhura."

Na ce na ji. Bidiyo uku na farko mutum sha ɗaya suka kalla, kuma na san tara daga cikinsu. Madam Comfort ta ce sai da sautin da ake yayi sannan shafi ke tafiya. Na ɗora kiɗan. Inna ba ta da babbar waya, wa zai gaya mata? Cikin mako guda aka fara kira daga Batagarawa har Funtuwa ana neman yaji. Tana murna tana cewa albarkar karatu ce, ni ina gyaɗa kai kamar mutuniyar kirki.

Na haɗa bidiyo talatin a kwana huɗu, na jera su, kowanne da ranar fitarsa. Wayata ta cika tana kukan babu wuri, sai na goge na asali, waɗanda babu kiɗa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Ana saura goma sha uku su fita, zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke ta.

Gwaggo Halima, yayar Inna, ta ja ni ɗaki a ranar da muryar ta tashi cikin masu gaisuwa. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Ɗiyata, mi kika yi mata haka? Duk wanda ya kunna abin ga, yana isko ta inda take kwance. Ki goge shi yau, ki bar baiwar Allah ta huta."

Na san malamai sun sha bamban a kan kiɗa. Amma Inna ba ta taɓa shan bamban da kanta ba, ta faɗi abin da take so da bakinta.

Na tsayar da fitar sauran, na rufe shafin yadda ba mai gani sai ni. Na ce wa Gwaggo na goge. Ban goge ba. A duk duniya babu inda muryar Inna ta rage sai cikin waɗannan bidiyoyi. Ba ta taɓa turo saƙon murya ba, wayarta ƙarama ce mai tocila.

Na gwada raba su. Gwadabe mai gyaran waya a bakin kasuwa ya sa wata manhaja ta cire kiɗan. Abin da ya fito murya ce kamar daga ƙasan rijiya, tana rawa, tana haɗiye ƙarshen kalmomi. Na ce ya kashe. Wannan ba uwata ba ce, kuma na tsorata da ita.

Sai na shiga wata ɗabi'a. Kullum ƙarfe goma, lokacin da bidiyon ranar ya kamata ya fita, sai in shiga ɗakinta in tura ƙofa in kunna guda ɗaya. Ɗakin har yanzu ƙamshin citta da masoro yake. Inna ta yi sallama, ta ce yau za a daka na masu jego, ta yi tarin nan nata idan barkono ya shaƙe ta. Kiɗan yana ta tsalle a kanta. Masu kunnawa sun ƙare, saura mutum ɗaya, kuma ni ce. Kullum ina fitowa ina cewa gobe zan goge.

Ran sha uku da rasuwar na kunna na ƙarshe. A gaggauce na haɗa shi, ban ma duba ƙarshensa ba. Ashe kiɗan ya ƙare kafin bidiyon. Daƙiƙa huɗu suka rage babu komai sai kukan kaza da numfashinta. Ta ajiye taɓarya, ta share hannu a zane.

"Ya isa? To madalla. Ban da kiɗa dai, kin jiya?"

Sai wata murya daga bayan waya, sakayau, ko ɗar babu:

"Na ji, Inna."

Sau ɗaya na saurara. Na so in yanke daƙiƙa huɗun nan in ajiye, su kaɗai ne masu tsabta. Amma ba zan iya zama da tambayar nan a aljihuna ba, da amsar da na bayar. Na goge shafin gaba ɗaya. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata, har sau biyu, na ce mata e.

Madam Comfort ta ɗauke ni aikin duk da haka, ta ce ta riga ta ga abin da zan iya. Yanzu daga ɗakin Inna nake tallata takalman wani kanti a Abuja, ni ke zaɓa musu sauti.

Jiya da hantsi ina tankaɗe garin tuwo, na rufe ido na ce bari in tuno yadda take sallama. Na jira. Kalmomin suna nan, na san su duka. Amma muryar ba ta zo ba, kiɗan ne ya zo, tun daga farkonsa, har na kama ƙafata tana bin sa.