Kabarin da Ke Cikin Shinge

Ulbosin ta ƙwace kujerar da ke bayan direba tun kafin sauran 'yan yawon buɗe ido su gama ɗaukar hoto a ƙofar cibiyar harba rokoki. Baƙi ne daga ƙasashe masu nisa, kowa rataye da kyamara. Ita kuwa daga Toretam ta fito, nan kusa, da farin kallabinta da sandarta.

Ba roka ta kawo ta ba. Ta ga tashinsu har ta gaji, tun tana tatsar raƙuma. A cikin shingen cibiyar nan aka binne mahaifiyarta, kafin a tashi makiyaya daga wurin, lokacin tana 'yar ƙarama. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙasar ba, kewa kuwa ta ƙi tsufa tare da ita.

Motar ta kama hanya, kiɗa na tashi a rediyo, mai yi wa baƙi jagora tana ta zuba bayani. Ulbosin ta zunguri direban da sanda.

"Ɗan nan, ɗan gidan wa ne kai?"

"Baurjan ne sunana, Apa. Kina son a kai ki duniyar wata ne?" ya tsokane ta, yana ce mata Apa kamar yadda ake kiran dattijuwa a yankin.

"Ka kai kakarka. Uwata na kwance a gefen hanyar nan, kusa da wata rijiya. Tsayawa za ka yi in gaishe ta."

Dariyar ta bar fuskarsa. "An hana tsayawa, Apa; in na tsaya, a bakin aikina. Amma in mun iso ki faɗa, zan rage gudu."

Ta manna goshi a gilashi. Fili ne shimfiɗe har ƙarshen gani, ga layin dogo, ga turakun wuta. Babu rijiya, babu tudu. Wurin da ta yi shekaru tana gani a mafarki ya ɓace mata sarai, kuma can gaba hasumiyar roka ta fara bayyana.

"Mun kusa fita daga filin fa," in ji Baurjan.

Zuciyarta ta karye. Ta nuna wani wuri da bai bambanta da ko'ina ba.

"Nan ne."

Ya kashe rediyo kamar yadda ake yi in za a wuce maƙabarta, motar ta koma tafiyar hawainiya. Jagorar ta katse bayaninta. Ulbosin ta ɗaga tafukanta ta yi addu'a, shi ma ya ɗaga hannu ɗaya, suka shafa tare. Baƙin suna ta leƙe ko akwai abin ɗauka.

"Na riƙe wurin, Apa," ya ce a hankali. "Kullum sai na bi ta nan. Ba za ta ƙara jin kiɗa daga motata ba."

Ulbosin ta buɗe baki za ta faɗa masa cewa ba ta gane wurin ba, sai kuma ta fasa.

"Sunanta Aiganim," ta ce. "Ka riƙa ambata, don ta san da ita kake."