Rami Na Biyu

Mai kula da gidan tarihin ya kwana bai runtsa ba. Hukuma ta ce harsashi ɗaya aka harba a ɗakin da aka kashe tsohon shugaba. Amma rami biyu ne a bangon, kuma na biyun ke jawo baƙi. Kowa sai ya zura yatsa, ya girgiza kai, ya ce, "Sun ɓoye mana." Shi kuwa ya san ramin ƙusa ne, domin da hannunsa ya sauke agogon wurin bara, lokacin da ake shirin rufe gidan saboda rashin masu zuwa.

Da safe mai fenti ya tambaye shi, "Yallaɓai, in toshe?"

"Ka toshe, a ce mun ɓatar da shaida?"

Da yamma ya rufe ramin da gilashi, bai rubuta komai a ƙarƙashinsa ba.